Mahmudu Meteyo da Rufin Makarantar Malama

Ranar Lahadi da hantsi labarin ya iske Hanzala. Yana tsaye a ƙofar shagonsa na kafinta a unguwar Jambutu, cikin garin Garwa, mutum huɗu sun kewaye shi, kowa na so a fara zuwa gidansa, don iskar da aka yi jiya da la'asar ta kwashe kwanukan rufi a unguwar kamar ana sheƙar ƙaiƙayi. Wayarsa ta yi ƙara. Da ya ga lambar amininsa Mahmudu sai ya fara murmushi, ya ɗaga yana cewa, "Kai Meteyo, ka gudu ka bar mu da ita!"

Muryar mace ya ji. Lailatu ce, 'yar Mahmudu da ke aure a Tuboro.

"Baffa," in ji ta, "Baba ya rasu. Bayan sallar asuba ya ce kansa na ciwo, ya ɗan kwanta. Kafin a samo mota shi ke nan."

Hanzala ya karanta innalillahi sau biyu. Ya zauna a kan wani benci da bai gama gogewa ba. Mutanen da suka zo neman gyaran rufi ɗaya bayan ɗaya suka tsuguna, don babu wanda bai san Mahmudu Meteyo ba a cikinsu.

Tare suka tashi, shi da Hanzala, gida na kallon gida. Kakan Mahmudu Bakano ne, fataucin goro ya kawo shi ta Yola, ya ga bakin Binuwai ya yi masa, ya zauna. Tare suka yi allo, tare suka shiga boko, tare kuma suka bar ta a aji huɗu. Hanzala ya bi ubansa kafinta. Mahmudu kuwa, yana da shekara goma sha tara, ya samu aikin lebura a tashar auna yanayi da ke filin jirgin sama, wadda kowa ke kira meteyo. Daga nan sunan ya bi shi har kabari.

Aikinsa na farko yankan ciyawa ne da shafa farin fenti a akwatin da ake ajiye ma'aunin zafi. Shugaban wurin, wani mutumin kudu mai suna Léandre, ya lura cewa wannan leburan in ya ɗaga kai sama ba ya saukewa da wuri. Sai ya fara koya masa. Ya nuna masa yadda ake karanta ma'aunin ruwan sama, da yadda ake hura balan-balan a sake shi a bi shi da ido don a san inda iskar sama ta nufa. Shekara ashirin da takwas Mahmudu ya yi a wurin. Bai taɓa zama shef, wato shugaban wurin, ba, Faransancinsa ma na kasuwa ne, amma in aka shimfiɗa taswirar yanayi a gabansa yana karanta ta kamar yadda mahauci ke karanta jikin sa.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, da tabarau mai kauri wanda ya ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ba ya iya wuce gida bai dubi rufinsa ba. Sau biyu yana faɗawa kwata saboda haka, matarsa Hindu har ta ce za ta saya masa sanda irin ta makafi.

Da ya bar aiki, Léandre ma ya koma garinsu, amma zumunci bai yanke ba. Daga ƙarshen watan Maris, lokacin da zafin Garwa ke sa kwalta ta yi laushi, kullum da safe sai Léandre ya turo masa taswira ta waya, da saƙon murya. Taswirar na nuna inda iska ta tara zafi da laima, da inda ake sa ran hadari mai ƙarfi zai haɗu nan da kwana uku, huɗu, wani lokaci biyar. Mahmudu ya kan zauna a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, ya kawo wayar dab da tabarau, ya duba, sannan ya dubi gabas, wajen Chadi, inda manyan hadarurrukan farkon damina ke fitowa a jere.

Mata su kan aiko a tambaye shi ko a yi shanya. Masunta na bakin kogi da masu bugun bulo su kan tsaya. Bai taɓa cewa za a yi ko ba za a yi ba. Sai ya ce, "Cikin goma, uku." Ko ya ce, "Cikin goma, shida, ni dai da zan kwashe." Wata rana a majalisa wani ya ce masa wannan ai shiga gaibu ne. Mahmudu bai yi fushi ba.

"Matarka in ta ɗora tukunya," in ji shi, "ta san ta kusa tafasa. Ba ta san ta wane gefe kumfar za ta fara zubowa ba. Iyakar abin da na sani ke nan. Na san yanki, na san kwanakin. Gidan da za ta taɓa, sai Allah."

Abu ɗaya ne ya tsana a rayuwarsa: dutse a kan kwano. Al'adar gari ce, in aka yi rufi sai a jera duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyi a kai don su danne. Mahmudu ya ce wannan na iskar wasa ne. Babbar iska ta ƙarƙashi take shiga, ta ɗaga kwanon da katakon gaba ɗaya, dutsen kuma ko ya faɗo cikin ɗaki ko ya tashi gidan maƙwabci. Magani, a cewarsa, a huda bango bulo uku daga sama, a zura siririn rodi, a naɗe katakon da shi a murɗe, rufi ya zama ɗan bango. Ya faɗi wannan a wurin suna, ya faɗa a wurin zaman makoki, har mutane suka haddace.

Bara ne abin ya juye masa. Ya ce cikin goma bakwai za a yi babbar iska ranar Alhamis, ya bi gida gida a kan tsohon kekensa. Mutane suka ɗaure awaki a ɗaki, wasu suka fasa zuwa kasuwa. Alhamis ta zo, gabas ta yi baƙi, sai hadarin ya karkata kudu, ya je ya sauke a wajen Ngong. Ko ganye bai faɗi a Jambutu ba. Wata guda ana tsokanarsa.

"Meteyo, yau cikin goma nawa ne Hindu za ta sa maka nama a miya?"

"Goma cikin goma," in ji shi. "Ku kuwa ukun da na rage muku ne suka zo. Ku gode wa Allah ku bar ni."

Ya yi dariya tare da su, amma Hanzala ya san abin ya taɓa shi, don kwana biyu bai fito gindin darbejiya ba.

To, akwai wani rufi da Hanzala ba ya son a yi maganarsa. Malama Ruƙayya, 'yar malamin da ya koya musu allo, tana da makarantar matan aure da 'yan mata a cikin gidanta. Dogon ɗaki ne, yana cin mutum arba'in, ana karatu daga azahar zuwa bayan la'asar. Shekara goma sha biyu da suka wuce Hanzala ne ya rufa shi. Ana cikin aikin rodi ya ƙare, damina ta matso, wani aikin na jiransa. Ya ɗaure gefen yamma, gefen gabas kuwa ya aza katako a kan bango kawai, ya shafe da siminti, ya jera duwatsu a sama. Malama ta tambaye shi ko an ɗaure ko'ina, ya ce an ɗaure. Tun daga ranar take yabon aikinsa a gaban kowa. Rabin masu kawo masa aiki ita ta turo su.

Ranar Litinin ta makon da ya rasu, Mahmudu ya jingine kekensa a ƙofar shagon Hanzala, ya miƙo masa waya.

"Sarkin ƙusa, duba nan."

"Me zan gani? Ja da rawaya kamar zanen Hindu."

"Jan nan mu ne. Daga Juma'a zuwa Lahadi, amma na fi zaton Asabar da la'asar. Léandre ya ce rabonsa da ganin iska ta cika haka ya daɗe. Har guguwa tana iya fitowa a ciki."

"Cikin goma nawa?"

"Bakwai."

"Irin bakwai ɗin bara?"

"Irinsa." Mahmudu ya karɓi wayarsa ya sa aljihu. Ya rage murya. "Hanzala, gefen gabas na ɗakin Malama ba a ɗaure yake ba."

Hanzala ya ajiye zarto. "Wa ya gaya maka?"

"Bangon. Ya tsage a ƙarƙashin katako daga wannan kusurwa zuwa waccan. Duk iskar da ta zo sai ta ɗan ɗaga shi ta ajiye. Shekara uku ina gani, ina jira ka faɗa da bakinka."

"Shekara goma sha biyu yana nan bai faɗi ba."

"Shekara goma sha biyu tana gwada shi."

"To in na je na farfasa wa baiwar Allah bango, na ce mata ƙarya na yi mata, sannan Asabar ta zo ta wuce kamar bara fa? Kai an saba yi maka dariya. Ni da wace fuska zan zauna a garin nan?"

Maganar ta fita kafin ya tauna ta. Mahmudu ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

"La'asar ce fa," in ji shi. "Mutum arba'in. Har da Nasiha taka."

Nasiha jikar Hanzala ce, shekararta tara. Mahmudu ya hau kekensa ya tafi.

Ranar Talata Hanzala ya yanka katako biyu ba daidai ba. Da yamma ya zagaya ta bayan gidan Malama kamar mai wucewa, ya ɗaga kai. Tsagar na nan, siririya, doguwa, ta bi bangon kamar an ja ta da zare. Daga ciki yana jin muryoyin yara suna bin Malama baƙi baƙi. Ya ƙirga duwatsun da ke saman kawunansu har ya kai ashirin ya daina. Shi ya ɗora su da hannunsa, ya san nauyin kowane.

Laraba da sassafe ya yi sallama a gidan Mahmudu.

"Tashi ka raka ni."

"Ina?"

"Ka sani."

Malama Ruƙayya ta karɓe su a zaure. Dattijuwa ce mai kaifin ido, ta girme su da shekara biyar, tun suna yara take ranƙwashinsu in sun ɓata alwala. Hanzala ya tsuguna, ya cire hula, ya faɗi komai. Bai fake da rodin da ya ƙare ba, bai fake da damina ba. Ya ce an tambaye shi, ya yi ƙarya.

Malama ta dube shi.

"Hanzala, kai ne?"

"Ni ne, Yaya Malama."

"Na sa 'ya'yan mutane a ƙarƙashinsa a kan maganarka."

"Haka ne."

Ta juya wajen Mahmudu. "Kai kuma mai kallon sama, ka tabbata da iskar taka? Bara ka sa na sallami ɗalibai a banza."

"Ban tabbata ba, Yaya. Bakwai cikin goma. Amma rufin, wannan goma ne."

Ta yi ajiyar zuciya. "To. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ya ɓoye nasa shekara goma sha biyu, yau ya fito da shi. Alhamis da Juma'a babu karatu. Yau ma na ba ku. Asabar da azahar ɗalibaina za su zauna. Tashi ka sa hularka, ba na son ganin furfura a ƙasa."

Suka fara a ranar. Hanzala na sama yana miƙo duwatsu, Mahmudu na ƙasa yana karɓa yana jerawa a gindin katanga. Zafin ya kai inda in ka taɓa kwano da rana sai ya ɗauke maka fata, don haka suka riƙa hawa daga fitowar rana zuwa hantsi, su sauka, su koma bayan la'asar. Suka huda bango wuri goma sha huɗu. Hanzala ya zura rodi, ya naɗe katako, ya murɗe har ƙarfen ya nutse cikin itacen. Ya cire tsofaffin ƙusoshi ya buga dogaye masu hula.

Unguwa ta gani, ba ta kuma yi shiru ba. Wani mai babur ya tsaya a bakin hanya ya ɗaga murya.

"Malam Hanzala, ba kai ka yi rufin nan ba? Ko Meteyo ya shafa maka ciwonsa?"

Hanzala ya leƙo daga sama. "Ni na yi shi, ban ɗaure ba. Naka ma in ni na yi, kawo in duba."

Mai babur ya ja babur ɗinsa ya wuce. Kafin yamma gida biyar sun sauke duwatsunsu. Sauran suka ce a bari a gani. Mahmudu ya ce musu ba a fafe gora ranar tafiya, suka ce sun ji.

Juma'a da safe Mahmudu ya tafi Tuboro, don Lailatu ta haihu, Hindu ta riga ta yi gaba tun makon jiya. Hanzala ya gama kusurwar ƙarshe shi kaɗai kafin a tafi masallaci. Ranar ta wuce ba ko gajimare.

Asabar gari ya wayi da wani irin zafi mai nauyi, iska ta tsaya cik, zufa ba ta bushewa. Da azahar Hanzala ya je ya roƙi Malama ta sallami ɗalibai da wuri.

"An ɗaure ko ba a ɗaure ba?" in ji ta.

"An ɗaure."

"Wannan karon da gaske?"

"Da gaske."

"To gidajen da za su koma, nawa aka ɗaure? Nan ya fi. A ci gaba da karatu."

Hanzala bai koma shago ba. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakin daga waje. Ana kiran la'asar gabas ta haɗe, baƙi ƙirin daga ƙasa har sama, da wani dogon gajimare kamar leɓe a gabanta. Tsuntsaye suka watse. Sanyi ya bugo sau ɗaya, sannan iskar ta iso. Malama ta ce ya shigo ya rufe ƙofa. Ya shigo, ya tsaya a ƙarƙashin gefen gabas, ya ɗora tafin hannunsa a bango.

Rufin ya yi kuka. Ya ji katakon na ja sama, rodin na ja ƙasa, bangon na rawa a hannunsa kamar ƙirjin doki. A waje kwanukan wasu gidaje na wucewa suna karo da katanga. Yara suka fara kuka, Malama ta ɗaga murya ta ja musu salati, matan suka amsa. Nasiha ta rarrafo ta riƙe ƙafar wandonsa. Bai fi minti ashirin ba, sannan ruwa ya sauko, iskar ta sassauta.

Da suka fito, darbejiyar ƙofar gidan Mahmudu ta faɗi ta tare hanya. A bayan layin, inda guguwar ta bi, gidaje a jere sun zama buɗaɗɗu, bulo ya fasa ƙafar wani dattijo a tsakar gidansa. Ɗakin Malama ko kwano ɗaya bai tashi ba. Malama ta zagaya shi a cikin ruwan, ta dawo ta tsaya gaban Hanzala.

"Na yafe maka," in ji ta. "Kira abokin naka."

Ya kira har sau shida, babu layi, iskar ta kayar da turakun waya. Ya ce gobe. Goben ce Lailatu ta kira.

A Tuboro aka binne shi, don tafiyar ta yini ce, zafi kuma ba ya jira. Hanzala bai samu sallarsa ba. Ya isa washegari, ya tsaya a kan kabarin, ya yi masa addu'a, ya gaya masa abin da waya ta hana shi faɗa. Mahmudu bai bar gidan sama ba, bai bar mota ba, bai je Makka ba duk da yana ta niyya. Ya bar Hindu da 'ya'ya huɗu, da wani keke da babu mai iya hawansa sai shi. Daga wancan makon zuwa yau an sauke duwatsu daga rufin gidaje da dama a Jambutu, kafintoci kuma sun fara jin kunyar a gan su suna ɗorawa. Allah ya jiƙan Mahmudu, ya sanyaya makwancinsa, ya sa aljanna ce makomarsa.

Rabuwarsu ta ƙarshe a tashar mota ce, safiyar Juma'ar nan. Hanzala ne ya kai shi a kan babur, Mahmudu na rungume da jaka cike da kayan jariri da busasshen kifi. Ya samu wuri kusa da taga, ya leƙo da kai.

"Saura kusurwar arewa."

"Yau zan gama."

"Ninki biyu za ka yi wa rodin."

"Shekara arba'in ina buga ƙusa, kai za ka koya mini aiki?"

"Goma sha biyu daga ciki dutse kake ɗorawa."

Hanzala ya kai masa duka ta taga, Mahmudu ya goce yana dariya har tabarau ya zame. Direba ya tayar da mota. Hanzala ya riƙe bakin tagar.

"Maganar da na gaya maka ran Litinin..."

"Wace? Na manta."

"Mahmudu, in kuma ba ta zo ba fa?"

"Sai su yi mini dariya, Malama ta samu rufi. Wa ya yi asara?"

"Ka gaida Lailatu. Ka shafa mini kan angon."

"Za su ji. Tafi ka hau tun kwanon bai yi zafi ba."